Ban Haƙurin Da Mama Obinna Ta Aike Mu

Abin da aka fara ƙwace mini a Ingila busasshen kifi ne, kuma ba ma nawa ba ne. Saƙon Mama Obinna ne zuwa ga ɗanta. Rumfarta ta manja da garin rogo tana kallon ta mahaifiyata a kasuwar Sabon Garin Zariya, a gabanta na girma, don haka da ta ji zan tafi ƙaro karatu ba ta tambaye ni ko akwai wuri a akwatina ba, ta dai ƙulle kifi da barkono leda kan leda ta miƙo. A filin jirgi wata ma'aikaciya ta sa safar hannu, ta ɗaga kifin da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara, sannan ta yi mini murmushi ta ce barka da zuwa. Barkonon ne kaɗai ya tsira.

Sunana Ishaya. Kafin tafiyar ina aiki a wani ɗakin gwajin ƙasar noma a Samaru, ina haya a Bomo, kuma ina ganin kaina wayayye saboda na iya shiga shagon intanet in fito da takarda. A irin wannan shagon ne na samu wani dillali da ya yi mini alƙawarin ɗaki kusa da makaranta, na biya tun ina gida. Da na isa garin, can arewacin ƙasar, na ja akwatina cikin yayyafi har lambar gidan da ya ba ni. Shagon wanki ne da aka rufe, ƙura ta lulluɓe gilashinsa. Na tsaya ina duba lambar ina sake dubawa kamar za ta canza don ta ga na gaji.

Lambar wayar Obinna tana jikin ledar barkono, uwarsa ta sa aka rubuta. Na kira shi daga wani akwatin waya a bakin titi. Da ya ji muryata sai ya ce, “Ishaya na Mama Rifkatu? Tsaya nan, kar ka motsa, ko Bature ya ce ka motsa kar ka motsa.” Ya zo a bas, ya ɗauki akwatin a kafaɗa, ya yi mini dariya son ransa. Ibo ne, amma a Sabon Gari aka yanke cibiyarsa, Hausarsa ta fi Ibonsa nisa, in ya yi fushi ma da Hausa yake zagi. Ya ba ni katifarsa ya kwanta a ƙasa, bai taɓa yi mini maganar haya ba har muka rabu.

Shi ya samo mini aiki a masana'antar gyaran kaji inda yake. Ɗalibi an yarje masa 'yan sa'o'i a mako, ni kuwa ina buƙatar kowace. Wurin sanyi ne ƙarara, kaji na wucewa a rataye, kai dai yanka, jefa, yanka, jefa, har yatsunka su daina jin wuƙar. Daga nan in wuce aji ina warin ɗanyen nama, in zauna a baya don kada in takura wa kowa. Kewar gida ba kuka take sa ni ba, barci take sa ni. Sai in zauna a bas in lumshe ido in ga layin masu gasa masara a bakin titin Samaru, in farka an wuce da ni tashata.

A layinmu akwai wani Bature mai suna Martin. Ba shugaba ba ne, leburan kaji ne irinmu, amma ya ɗauki Obinna abin wasansa. Yau ya ɓoye masa takalmin aiki, gobe ya yi kukan biri in ya wuce. Obinna yakan ce mini, “Bar shi, ba don shi na zo ƙasar nan ba.” Wata safiya Martin ya zuba masa ruwan ƙanƙara a takalmi, da Obinna ya yi magana sai ya ambaci uwarsa da kalmar da ba zan rubuta ba. Naushi ɗaya ne. Ina wurin, na gani. Martin ya faɗi ya bugi bakin teburin ƙarfe, muƙamuƙinsa ya karye.

'Yan sanda suka tafi da Obinna, washegari aka ba da belinsa. Gwamnati ta ba shi lauya, wata mace mai saurin magana wadda kullum kofin shayi ke hannunta. Na raka shi ofishinta. Ta ce laifin ba ƙarami ba ne, amma wannan ne karonsa na farko, akwai shaidun cewa an daɗe ana tsokanarsa, in ya amsa laifi da wuri tana sa ran alƙali zai rataye hukuncin ɗaurin, ya sa shi aikin gayya na share tituna ko fentin makaranta, ya ci gaba da kwana a gida. Sharaɗi ɗaya na belin ta nanata: kada ya kusanci Martin, kada kuma ya aika kowa.

Na ce, “To in Martin ɗin ya yafe fa?”

Ta ce, “Ko ya yafe ba zai iya janye ƙarar ba. Ba tasa ba ce.”

“Ta wa ce?”

“Ta Sarauniya ce. Shi shaida ne kawai.”

Na yi dariya, na ce ai ban ga an naushi Sarauniya ba. Ita ba ta yi dariya ba, ta dubi agogo.

Dole in faɗi inda na fito, don a gane abin da ya biyo baya. Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, dattijon coci, kuma rabin rigingimun layinmu a zaurensa suke mutuwa. In yaro ya fasa kan ɗan wani, ba a kwana sai Baba ya sa babbar riga, ya kira wani dattijon Bayarabe da limamin masallacin bayanmu, su tafi gidan wanda aka cuta. Mai laifin ba ya zuwa, zuwansa ƙarin fushi ne. Manya ne ke zuwa, su durƙusa, su sha zagi, su ɗauki nauyin magani, har maigidan ya ce ya isa, ku tashi. Da safe a je ofishin 'yan sanda tare a ce an sasanta. Na kuma ga abin da ke faruwa in ba a sasanta ba. Wani ɗan ƙanen Baba, Danladi, ya yi faɗa a tasha, dangin wanda ya ji wa ciwo suka ƙi karɓar baki, aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Yau a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe a ce babu motar kai fursunoni. Zaman jiran da ya yi ya fi ɗaurin da za a yanke masa tsawo, ya fito da tari wanda bai rabu da shi ba. Tun daga nan, a gidanmu kotu rami ce, kuma aikin manya shi ne su tare yaro kafin ya faɗa.

A garin da muke akwai wani dattijo Bazazzagi, Malam Garba, wanda ya zo karatu tun yana saurayi bai koma ba, yana gadi a wani kanti. Mukan je wurinsa ranar Asabar mu ci tuwon semo mu yi Hausa. Da na ba shi labarin Sarauniya sai ya girgiza kai. Ya ce, “A gaban alƙali a Zariya, wanda aka ji wa ciwo shi ke da jininsa. Alƙali zai dube shi ya ce, ka yafe, ko diyya kake so, ko a rama maka? In ya ce na yafe, magana ta kusa ƙarewa. Nan kuwa sun ɗauke wa mutum ciwonsa sun ba gwamnati. Shekarun nan duka ban saba da wannan ba.” Ni Kirista, shi Musulmi, amma a wannan zancen bakinmu ɗaya.

Sai ga wayar Mama Obinna. Lokacin salula ba ta daɗe da shigowa Zariya ba, a wurin wata mai lema a bakin kasuwa take biya ta kira, ina jin ƙarar 'yan acaɓa a bayanta. Ba da ɗanta ta nemi magana ba, da ni ta nema.

“Ishaya, kun je gidan mutumin?”

“Mama, lauya ta ce kada a je.”

“Lauya ce ta haife shi? Yaro ya fasa bakin mutum, babu wanda ya je ya ce sannu? Haka babanka ya koya maka? Abeg, ɗana, ka nemi manya ku je. Ku durƙusa. In ya zage ku ku yi shiru. Ni da ina kusa da tuni na kwana a ƙofarsa.”

Tana kuka, kuɗin wayarta na ƙarewa, ta sake kira, ta sake kira. Obinna yana zaune a gefen katifa ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce lauya ta hana. Na ce lauya ta hana barazana ne, wace doka ce a duniya za ta hana ban haƙuri? Kuma ai ba shi zai je ba. Daga baya ya ce, “Tunda Mama ta ce.” Har yau in aka tambaye ni, ban ga mugun abu a cikin abin da tsohuwar nan ta nema ba. Abin da uwa ta gari za ta nema ke nan a duk inda na sani.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci muka tafi, ni da Malam Garba da wani dikon, wato dattijon cocinmu mai furfura, mutumin Kafanchan. Wani abokin aiki ne ya kwatanta mana gidan. Muka sa manyan riguna a kan rigunan sanyi, muka riƙe kwandon lemo da ayaba, Malam Garba ya zuba goro a aljihu ko da ya san ba za a ci ba. A bas mutane suna kallonmu, mu kuwa muna jin kanmu mutanen kirki da suka fito aikin kirki.

Matar Martin ce ta buɗe ƙofa, ba ta cire sarƙar ba. Muka yi gaisuwa. Muka sauka kan gwiwoyinmu a kan jiƙaƙƙen siminti, Malam Garba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya fara magana a hankali da Turancinsa na tsofaffi, cewa mu iyayen Obinna ne a ƙasar nan, yaronmu ya yi kuskure, mun zo neman afuwa.

Ba ta ji ko ɗaya ba. Abin da ta ce shi ne, “Wa ya ba ku adireshinmu?”

Na ɗaga kai. Ta riƙe ƙofar gam. A bayanta na hango Martin tsaye a lungu, an ɗaure masa haƙora da waya, ba ya iya buɗe baki, idanunsa sun firfito. A lokacin ne na ga abin da suke gani: baƙaƙen maza uku cikin manyan kaya, dangin wanda ya karya masa baki, sun gano gidansa ana saura kaɗan a shiga kotu. Ta rufe ƙofa. Mu kuwa muka ci gaba da durƙuso, don a wurinmu rufe ƙofa somin-taɓi ne, mai haƙuri ake buɗe wa daga baya. Muna nan a durƙushe motar 'yan sanda ta tsaya.

Ba su dake mu ba, ba su ma ɗaga murya ba. Wani ya taimaki dikon ya miƙe saboda gwiwarsa ta riƙe. A ofishinsu aka raba mu ɗaki-ɗaki, aka ba ni shayi, aka yi ta tambayata abu ɗaya: wa ya aiko ku, me kuke so Martin ya yi? Na ce so muke ya yafe. Suka ce, ya yafe ya yi me? Na ce ya sassauta. Ɗan sandan ya rubuta wannan a nutse. An sake mu da gargaɗi mai ƙarfi, amma kafin in isa gida an riga an zo an tafi da Obinna, an soke belinsa.

Lauyar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye kofinta ta ce, “Na san abin da kuka je yi. Da kun kawo mini, da na sa ya rubuta ban haƙurinsa na miƙa wa alƙali, a nan ta wannan hanyar ake bi. Yanzu aikina ya koma in hana a ƙara masa tuhumar tsoratar da shaida.” Ta yi nasara a wannan, ba ta yi a sauran ba.

Ranar hukunci kotun shiru kamar asibiti, babu 'yan kallo, babu dangi cike da benci, ni kaɗai ne a bayansa. Aka karanta bayanin Martin: matarsa ba ta iya barci, sun koma gidan 'yar'uwarta saboda an san gidansu. Alƙalin ya ce ya yarda an tsokani Obinna, ya yarda ba mugu ba ne, kuma da yana tunanin barinsa a waje. Amma an ba shi sharaɗi ɗaya ya karya, kotu ba za ta nuna wa masu kawo ƙara cewa ana iya bin su gida ba. Ya yanke masa shekara biyu, ya ba da shawarar a mayar da shi ƙasarsa in ya gama. Duka zaman bai kai tsawon wa'azin Lahadi ba. Danladi ya yi shekara da shekaru yana jiran ranar da ba ta zo ba, Obinna kuwa tasa ta zo a kan lokaci, babu ko jinkirin minti.

Gidan yarin yana wani gari, sai an hau jirgin ƙasa an sake hawa bas. Zuwana na farko na dafa shinkafa da miya, na zuba barkonon uwarsa, na cika kula, don haka muke yi wa Danladi, wanda ba a kai wa abinci a can yunwa ce ke cinye shi. A ƙofa aka ce ba a shiga da abinci. Na yi bayani, na roƙa, aka nuna mini allon doka. Wata tsohuwa mai aikin sa kai a ɗakin jiran baƙi ta karɓi kular ta ajiye mini a ƙarƙashin teburinta, ta ce ƙamshin ya tuna mata da wata maƙwabciyarta. Da na fito ta ɗumama mini, ta zauna kusa da ni har na ci. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Obinna ya yi ƙiba. Ɗakin ziyara da kafet, da kujeru masu laushi. Ya ce yana da gado, da ruwan zafi, da talabijin, ana koya masa aikin famfo, kuma an rubuta masa ranar fitarsa tun makon farko, rabin wa'adin zai yi a ciki in bai yi rigima ba. Na ce ai Danladi da ya ga wannan sai ya ce otal ne.

Ya ce, “Otal ne. Ba duka, ba yunwa. Amma Danladi kullum yana jin muryar wani nasa a bakin ƙofa. Nan in aka kulle ka tun yamma, sai kai da bango. Kuma ka san abin da ya fi damuna? Har yau ban ce wa Martin sannu ba. An hana ni. Zan gama in tafi, shi yana tsorona, ni ina jin haushinsa, takarda ta ce an yi adalci.”

Da lokaci ya kusa cika ya riƙe hannuna a kan tebur. Ya ce, “Za ka riga ni komawa. Mama za ta tambaye ka. Kada ka gaya mata zuwanku gidan Martin ne ya kawo ni nan. Ka faɗa mata duk abin da ka ga dama, ban da wannan. Hawan jini gare ta.” Na yi masa alƙawari.

Na gama karatun da ƙyar, na dawo da takardar shaida da ciwon yatsu wanda sanyi ke tayarwa har yanzu. Na koma ɗakina na Bomo, na yi kwanaki ina kewaye Sabon Gari kamar mai gudun bashi, alhali ba kuɗi ake bina ba. Mahaifiyata ce ta ce in ban je wurin Mama Obinna ba ita za ta kawo ta har Samaru.

Na same ta a rumfa tana auna manja. Ta rame. Ta rungume ni, ta ba ni kujera, ta kori mai ciniki. Ta tambayi lafiyarsa, na ce ya yi ƙiba, ta ce ƙarya nake, na rantse. Ta tambaya ko ana dukansa, na ce a'a. Sannan ta goge hannu a zane ta dube ni.

“Kun je gidan mutumin?”

“Mun je, Mama.”

“Da manya?”

“Da manya biyu, masu furfura.”

“Kun durƙusa?”

“Mun durƙusa.”

“Har ƙasa?”

“Har ƙasa, a cikin ruwa.”

Ta juya tana kallon kwalaben manja. Mai turin baro ya wuce yana neman hanya. Can ta girgiza kai, ba da fushi ba, irin girgizawar da ake yi wa yaron da aka aika ya ɓaro saƙo.

Ta ce, “Kun yi saurin tashi ne. Ku yaran yanzu ba ku iya ba da haƙuri ba. Da babanka ne, ko da ni ce na je, da ɗana yana gida.”

Gaskiyar maganar tana bakina, na ji ɗacinta. Na dubi hannuwanta da suka ƙulle kifin nan leda kan leda.

Na ce, “Haka ne, Mama. Ba mu iya ba.”

Ta ce ba komai, Allah ya ga niyya, ta ɗauko kwalbar manja ta ce in kai wa mahaifiyata.